Jir a Idon Ƙanwata

Har yau, in na bi ta gefen gini na ji warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, sai na ƙara sauri. Mu a Omdurman jir muke ce mata. Kai wataƙila a jikin bango kawai ka san ta, fara tas, ba ruwanta da kowa. Ni na san ta tana tafasa.

Ina 'yar shekara tara Baba ya tafi aikin Hajji. A gidanmu na unguwar Alsawra wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kaka, mahaifiyar Baba, da niyyar Makka suka baro ƙasar Hausa a ƙafa ita da mijinta, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna, har ya rasu bai ga Ka'aba ba. Don haka ta rantse ɗanta ba zai dawo ya tarar da bango mai dauɗa ba.

Gidan na laka ne, kuma gyaransa aiki ne ja. Sai an kankare tsohon jir da guntun ƙarfe, yana zubowa kamar ɓawon ƙwai, a toshe tsagogi da laka haɗe da ruɓaɓɓen kashin jaki, a bari rana ta busar. Sannan aka kawo sabon jir a buhu, dunƙule-dunƙule kamar duwatsu, aka juye a gangar ƙarfe, mai jakin ruwa ya kwarara masa ruwa. Nan take ya kama tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa, yana huci, ganga ta yi zafin da ba a iya taɓawa. Kaka ta ce sai ya kwana uku ya huce, a tace, a sa gishiri don ya kama bango, da ɗan shuɗi don haske. Ta kama kunnena ta ce, “Ke ce babba. Kar ki bari yarinyar nan ta je kusa da gangar.”

Yarinyar ita ce ƙanwata, 'yar shekara huɗu, wadda ke bina ko'ina kamar jela. Ni kuwa kunnen ƙashi gare ni, ba na ɓoyewa. Baba yana da ɗakin tantabaru a kan katangar bayan gida, na kuma lura ba wanda ya yi zancen shafa masa jir. Na ƙudurta ni zan yi, in ya dawo ya tambayi wa ya yi wannan, a nuna ni.

Washegari da hantsi Inna ta tafi kasuwa, Kaka na gyangyaɗi a rumfa da carbi a hannu. Na ɗebo jir a gwangwani, da ɗuminsa, na kife turmi na hau, na ce wa ƙanwata ta riƙe mini turmin kar ya motsa. Ta riƙe da hannu biyu, ta ɗaga kai tana kallona. Ina miƙa tsintsiya sama, gwangwanin ya karkace.

Ba zubowar jir ɗin a fuskarta ce abin da ya fi damuna ba, wannan tsautsayi ne. Abin da na yi bayansa shi ne ya hana ni sakat. Tana buɗe baki za ta yi ihu na toshe shi da tafina. Na ja ta bayan katanga, na sa gefen ɗankwalina ina murza mata ido, ina cewa ta yi shiru zan saya mata alewa. Tsoron bulala ya rufe mini hankali. Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba, na dai san inuwar katangar ta janye daga kanmu.

Shesshekarta ce ta tashi Kaka. Da ta gan mu ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni. Ta kwantar da yarinyar a cinyarta, ta buɗe mata idanu da yatsu da ƙarfin tsiya, ta ce, “Ruwa.” Ina ɗebowa tana kwararawa, har randunanmu biyu suka ƙare, maƙwabciya ta miƙo nata ta kan katanga. A cikin haka Kaka ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, “Tun yaushe?”

Na ce, “Yanzun nan.”

Kawu ya zo ya ɗauke ta a tasi, suka haye gada zuwa asibitin ido a Khartum. Na zauna a bakin ƙofa har la'asar, ina roƙon Allah Ya ɗauki nawa idon Ya bar nata. Da suka dawo an naɗe mata fuska da farin ƙyalle. Kawu ya ce likita ya ce wankin da aka yi ya ceci na dama, amma na hagu ya daɗe da jir a ciki, kuma an murza shi, sai dai a jira a gani. Kaka ta juyo ta dube ni. Ba ta tona ni ba, a ranar ko bayanta.

Aka shafe gidan duk da haka, ya yi fari har yana kashe ido. Kwana tara ina jiran dawowar Baba. Baba ya dawo ana ta guɗa, ya ɗaga ƙanwata ya tambayi abin da ya samu fuskarta. Ta ce, “Jir ne ya faɗo mini.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ranar da aka kwance ƙyallen, wani fari ya riga ya kwanta a kan baƙin idonta na hagu. Haske kawai take gani da shi.

Yanzu fenti a bokitin roba yake zuwa, a buɗe a shafa, ba tafasa ba kwana uku, kuma gidan namu ma an rushe lakar an sa bulo. Jikokina ba su taɓa ganin dutse ya dafa ruwa ba, ban kuma so su gani. Sai da muka girma, kowacce da 'ya'yanta, na iya zaunar da ƙanwata na faɗa mata komai, har toshe bakin da ƙaryar da na yi wa Kaka, a zatona ƙuruciya ta mantar da ita. Ta ce duk tana tune, har warin ɗankwalin. Na nemi gafara ina kuka.

Ta ce, “Haba Yaya, na yafe tun tuni. Ke dai in za mu tsallaka titi ki riƙa tsayawa ta haguna, ta nan ne ba na ganin mota.”

Ta nan nake tsayawa har yau.