Kafintan da Ya Cire Mini Ƙofa Ana Tsakiyar Fim

Mijina ya cire ƙofar falona ana tsakiyar kallon fim, da baƙi zaune a ciki, kuma har yau bai mayar da ita ba. Tsohon zanen gado na rataya a wurin. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ga abin da nake ci.

Kafinta ne. Tun yana yaro ya koyi aikin a hannun kawunsa, kuma ban taɓa jin wanda ya raina aikinsa ba, wannan gaskiya ce ko da ina cikin fushi. Matsalarsa kunne. Mutumin nan ba ya iya jin katako yana kuka ya zauna lafiya. Kullum a aljihunsa akwai sukundireba da 'yar kwalbar man keke. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin ya gaishe da babana sai da ya girgiza kujerar da aka ba shi. Mun taɓa zuwa dubiya asibiti, ya tayar da masu jinya daga benci, ya kifa shi ya ɗaure ƙafar, sannan ya juya ya ce wa mara lafiya ya jiki.

Ƙofar falon nan kuwa ita ce abin alfaharinsa. Da hannunsa ya yi ta shekarar da muka shiga gidan. Duk baƙon da ya zo sai ya buɗe masa ita ya rufe, ya ce, "Ka ji wani abu?" In baƙo ya ce a'a, sai ya yi murmushi kamar an ce ɗansa ya zo na ɗaya a aji.

Ina da ƙawaye biyu tun sakandare, Nas da Mai Shago. Akwai wani tsohon fim na ban tsoro, baƙi da fari, da aka taɓa nuna mana a ɗakin taron makaranta, wanda ya hana mu zuwa banɗaki ɗaiɗai har ƙarshen zango. Nas ta samo shi a faifai. Na ce a gidana za a kalla, domin kullum a gidajensu ake haɗuwa, har Mai Shago ta fara tambaya ko dai falona ba shi da kujeru ne. Wannan magana ta tsaya mini a wuya. Na wanke labule, na yi gugguru, na fito da kofunan shayin da ko 'ya'yana ba su taɓa sha da su ba. Nas ta zo da lasifika, muka ajiye ta a bayan ƙofa saboda nan soket yake.

Na ce wa mijina, "Baban yara, yau falo na mata ne."

Ya ce, "Ni da fim? Ku sha kallo lafiya." Ya shige ɗakinsa, wanda ke kallon falon.

Muka rufe ƙofa, muka kashe fitila. A fim ɗin akwai wani tsohon gida mai ƙofa da ke buɗe kanta, da wani dogon kuka mai shiga haƙori, kuma duk sanda ta yi kukan sai mutum ɗaya ya ɓace. Ta yi na farko, muka matsa kusa da juna. Ta yi na biyu, Nas, wadda ke cika baki cewa ta ga abin da ya fi haka a wurin aiki, ta ja mayafi ta rufe ido ɗaya.

Abin da ba mu sani ba, kukan yana fita daga lasifika ta bayan ƙofa kai tsaye zuwa kunnen Kafinta. Ya ɗauka ƙofarsa ce take kuka. Tasa, a gaban baƙi! Don kada ya ji kunya a gabanmu, sai ya lallaɓo ba takalmi ya zuba wa hinjis, ƙarafan da ke riƙe da ƙofar, mai ta waje. Ta sake kuka. Ya ƙara mai. Ta sake. Ya juye kwalbar duka.

Mai Shago ta matse mini hannu ta ce, "Ke, mene ne wancan yake gangarowa ta ƙasan ƙofa?"

Na ce, "Idonki ne."

"Idona ba ya ƙyalli."

A daidai nan ƙofar fim ta fara buɗewa, sai tawa ma ta motsa. Ba buɗewa ta yi ba. Tashi ta yi sama gaba ɗayanta, ta ja da baya a hankali. A bayanta ga wani abu fari tsaye, haske yana fita daga bakinsa. Mijina ne cikin singileti, ya ciji tocila.

Nas ta yi ihun da maƙwabta suka leƙo, ta nufi taga, ta tafi da labule har da sandarsa. Mai Shago ta nufi hanyar fita, ta taka mai, ta zauna daɓas a kan tiren shayi. Ni kuma, Allah na gani, ban yi gudu ba, na dai tsinci kaina a bayan kujera da kwanon gugguru a ka.

Ya cire tocila daga baki ya ce, "Sannunku, ku ci gaba, yanzu zan gyara ta."

Na ce, "Gyaran me? Fim ne yake kuka!"

Ya tsaya da ƙofa a rungume. Sai ta cikin talabijin ta sake yi. Ya saurara da kyau, ya girgiza kai ya ce, "Kai, wanda ya yi musu wannan ƙofa bai iya aiki ba."

Mai Shago daga ƙasa ta ce, "Yanzu na gane abin da ya sa ba kya gayyatar mutane."

Washegari ya ce tunda an riga an cire ta, bari ya kai shago ya sake mata fenti. Tana can jingine, ma'aikatansa ma suna rataya riguna a kanta. In na yi magana sai ya ce aikin mutane ne a gaba. Ni ba mutum ba ce?

To, Baban yara, ka saurara da wannan kunnen naka. Ƙawayena sun yarda su dawo ranar Asabar mu ƙarasa fim ɗin, kuma ba zan zaunar da su a bayan zanen gado ba. Ka dawo mini da ƙofata kafin ranar, da fenti ko babu. Ka gyara sandar labule. Sannan ka miƙo mini kwalbar man nan da sukundireba in kulle a akwati, ka tafi gidan ƙaninka har sai mun tashi.