Filin Baba Kar-ka-taka

Duk wanda ya taɓa shiga filin ƙwallon da ke bayan tashar mota ya san Baba Kar-ka-taka, ko da bai san sunansa na gaskiya ba. Shekara ashirin da uku ya yi yana kula da filin, kuma maganarsa guda ce ga duk wanda ya doshi ciyawa da takalmin da ba na wasa ba, ko da shugaban ƙungiya ne da kansa. Daga nan sunan ya bi shi. Har mai ɗakinsa takan rama wa jama'a, domin in ta goge tsakar ɗaki ta hango shi zai shigo da taɓo a ƙafa, da sunan take tare shi tun daga bakin ƙofa.

Da ƙuruciyarsa ɗan baya ne a ƙungiyar, irin wanda ake cewa ko ƙwallo ta wuce shi ko mutum ya wuce shi, amma ba su biyun tare ba. Yana da shekara ashirin da bakwai ƙafarsa ta faɗa wani rami a filin nan, gwiwar hagu ta goce, wasa ya ƙare masa. Da ya fara takawa da sanda sai ya ari shebur ya je ya cike ramin. Washegari ya ga wani, ya cike. Babu wanda ya ɗauke shi aiki a lokacin, sai da aka wayi gari an ga ba a iya buga wasa sai da shi, sannan aka miƙa masa mabuɗin ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo. A ciki yake ajiye injin yankan ciyawa wanda sai an ja igiyarsa sau bakwai yake tashi, da manjagara biyu, da mesar ruwa mai faci ya fi goma, da wata ganga da ya cika da siminti ya yi mata mariƙi yana daddale ƙasa da ita.

Duk shekarun nan ƙungiyar tana rukuni na biyu, ba ta faɗi ba, ba ta hau ba. Sai bana abin ya kama. A wasan ƙarshe nasara kaɗai za ta kai su babban rukuni, ana saura minti biyu a tashi babu wanda ya ci, sai Dogo, ɗan gabansu, ya sa wa bugun kwana kai, raga ta motsa. Alƙalin wasa na busa usur jama'a suka ɓalle cikin fili kamar an buɗe madatsar ruwa. Baba ya buɗe baki zai yi maganarsa ta kullum, sai ya tsinci kansa a tsakiyar fili yana ɗingishi da gudu, hularsa a hannu, yana rungume mutanen da jiya ya kora. Wasu ƙarti suka ɗaga shi sama suka zagaya da shi. Da ya koma gida muryarsa ta dishe, mai ɗakinsa ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ko shi ya ci ƙwallon.

Sati guda ana biki, sannan aka koma musu. Hedkwatar musun shagon Mai Aski ne, mai kujera biyu da dogon benci, inda mutum kan shigo aski da hantsi ya fita bayan azahar da rabin gashinsa. Mai Aski yana ganin sai an sallami rabin 'yan wasa an sayo sababbi, domin in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Direba, wanda ke kwasar magoya baya zuwa wasannin waje, ya ce ba zai yiwu yara su sha wahalar hawa a bar su a bakin ƙofa ba, ai da tsohuwar zuma ake magani. Malam Lissafi kuwa, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya zo da takarda ya nuna musu cewa maki arba'in suke buƙata su tsira, kuma a gida za a samo talatin daga ciki. Wani ya ce 'yan babban rukuni gudu gare su kamar an koro su, wani ya ce ai su ma ƙafa bibbiyu gare su. Baba yana ƙarshen benci yana dariya, yau ya goyi bayan wannan gobe ya goyi bayan wancan, don shi daɗin musun yake ji.

Ran nan ana tsaka da haka sai sakataren ƙungiya ya shigo da takarda daga hukumar gasa, ya ce Baba yake nema. Malam Lissafi ya gyara tabarau ya karanta wa kowa. Nan da sati shida za a turo masu duba fili. Dole faɗinsa ya kai abin da doka ta ce, kada ruwa ya kwanta a ko'ina, kuma a yi shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. In filin bai cika sharaɗi ba, ƙungiya za ta riƙa buga wasanninta na gida a wani gari mai nisan awa huɗu. Mai Aski ya kashe injin askinsa. Baba ya san filinsa kamar tafin hannunsa. Ya san faɗin ya gaza da mita uku, ya kuma san kusurwar gabas takan zama tafki duk lokacin da aka yi ruwan kirki.

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Abin mamaki, ba tsoro ya ji ba, wani irin ƙarfi ya ji yana taso masa kamar ranar da aka fara ba shi riga mai lamba.

"Kwana goma kuna sayen 'yan wasa da fatar baki," in ji shi. "To in kun sayo su, a ina za su buga? Malam, maki talatin ɗin nan naka a gida ka ce za a samo. Ga gidan nan. Duk mai shebur ya same ni ranar Asabar da safe."

Mutum goma ya sa rai. Da ya iso da sassafe ya tarar da mutane sun fi ɗari a bakin ƙofa, da shebur da diga da baro, wani ma da cokalin gini kawai ya zo. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya buɗe musu ƙofa. Daga nan ya shiga rabon aiki kamar koci. Aka ture tsohuwar katangar yamma aka matsar da ita baya. Magina suka haƙa lambatu a kusurwar gabas suka zuba tsakuwa da yashi. Masu walda suka kama shinge. Wani mai gidan gona a bayan gari ya ce a zo a yanki ciyawa iya son rai, Direba ya cire kujerun motarsa ya riƙa kwaso ta falle-falle kamar darduma, Baba yana durƙushe yana jera ta da hannunsa yana hana kowa taɓawa.

Musun bai mutu ba, wuri kawai ya sauya. Ana tura baro ana gardamar ko golansu zai iya da babban rukuni. Mai Aski, wanda aka ba almakashin lambu yana gyara gefen ciyawa, ya kai ga sallamar 'yan wasa tara, Direba ya ce in aka bar shi har koci zai aske. Malam Lissafi ya riƙe igiya da tef yana fitar da kusurwa, ya sa aka sake layin gefe sau uku saboda ya karkace da faɗin yatsa biyu, har wani tsohon ɗalibinsa ya ce shekara talatin bai kuɓuta daga hannun Malam ba. Su Dogo ma in sun gama atisaye sukan tsaya su ja gangar siminti, koci ya ce hakan ya fi musu ɗaga ƙarfe.

Mai ɗakin Baba ta fara da mita, tana cewa gwiwar nan ba ta da ta canji. Ganin ba ya ji, sai ta tattaro ƙawayenta suka zo da fenti suka shafe bencin 'yan kallo kaf, ta kuma kafa masa kujerar roba a inuwa ta ce in ya tashi daga kanta kafin la'asar ita da shi ne. Yakan zauna minti biyar, in ta juya baya ya sulale. A sati na huɗu sabuwar ciyawar ta yi rawaya, hankalinsa ya tashi, kwana uku ba ya cin abincin kirki. Ya rage yankan, ya ƙara ruwa safe da yamma, ya barbaɗa taki. A rana ta biyar ya durƙusa ya ja wani ganye, ya ji ya ƙi fitowa. Saiwa ta kama. Ya zauna daɓas a wurin yana dariya shi kaɗai.

Masu dubawa su uku suka zo, shugabarsu wata mace ce mai fama da fayil, ba ta da yawan magana. Jama'a sun cika bayan sabon shinge, kowa ya zuba ido ya ga ko Baba zai iya yi mata maganar takalmi. Ba ta ba shi dama ba, domin tun a bakin layi ta buɗe jaka ta sauya takalmin wasa. Nan take ta shiga ransa. Suka ja tef tsawo da faɗi, suka auna turakun raga, ta sa aka kwarara bokiti biyar na ruwa a kusurwar gabas tana duban agogo. Ruwan ya shige kamar an zuba a rariya. Ta ɗaga ƙwallo daidai kanta ta sake ta a wuri shida tana kallon yadda take tashi. Sannan ta tambayi wanda ke kula da filin, aka turo Baba gaba.

"Baba, ku nawa ne ke wannan aikin?"

"Ranki ya daɗe, a takarda ni kaɗai ne," ya ce, ya nuna bayan shinge da haɓa. "Sauran ga su can."

Ta yi murmushi ta ce a sauya ragar kudu, a ƙara famfo a ɗakin baƙi, amma fili ya yi. Kafin sakatare ya gama sanarwa ihu ya kai tasha, har direbobi suka ɗauka wata ƙwallon aka ci.

Wasan farko da zakarun bara aka haɗa su. Baba ya sa sabuwar riga, ya ja farin layi tun da safe, ya tsaya kusa da tutar kwana yana kallon manyan 'yan wasan da sai a rediyo yake jin sunansu suna ɗumama jiki a kan ciyawarsa. Da aka take wasa ya gane abin da ake nufi da babban rukuni. Ƙwallo ba ta minti guda a wuri ɗaya, kafin 'yan bayansu su juya an wuce su. Minti ashirin aka zura musu biyu. Amma bayan hutun rabin lokaci yaran suka ware, Dogo ya farke ɗaya, rumfa ta kusa rushewa, kuma a minti na ƙarshe suka buga wata ta daki turke ta dawo. Aka tashi biyu da ɗaya. Mutane suka fita suna tafi kamar su suka ci, kowa na cewa ashe zakarun ma mutane ne, ana iya taɓa su.

Da yamma babbar 'yarsa ta zo gida da mijinta, tun daga ƙofa take kiran babanta. An nuna wasan a talabijin, ita kuma ta ɗauko wani yanki a wayarta. Ga Baba nan a bayan tutar kwana lokacin da Dogo ya ci, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, hula ta yi nata wuri. Mai ɗakinsa ta sa aka maimaita sau huɗu, tana dariya har da hawaye, tana cewa wannan ne mutumin da ke ce mata ba ya iya hawa kujera ya sauya ƙwan fitila. Surukin ya sunkuyar da kai yana danne tasa dariyar.

Baba ya karɓi wayar ya ce a tsayar masa da hoton. Bai taɓa ganin filin daga sama ba. Kore shar, layuka sun miƙe sambal, sai wani ɗan wuri gaban ragar arewa da ya yi duhu-duhu inda gola ke yawan tsayawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi surukinsa ko gobe zai iya biyowa ta gidan gona da motarsa, falle huɗu na ciyawa kawai yake so. Surukin ya ce ko goma ne. Mai ɗakinsa ta ture masa kwanon abinci gabansa ta ce ya fara cin wannan tukuna.