Shekarar da Muka Rasa Kaka

A garinmu ruwa daga gabas yake zuwa. Kowa ya san haka, har awaki. Amma a shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, damina ta tafi, aka yanke dawa aka shimfiɗa a gona ta sha iska, sai wata la'asar hadari ya taso daga yamma. Sama ta yi ja-ja-ja, kaji suka shige akurki tun rana ba ta faɗi ba, ko ganye ba ya motsi. Tsawa tana ta gurnani can nesa, ba walƙiya. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Lokacin ina jinyar kakata, mahaifiyar babanmu. Tun tsakiyar damina take kwance, kuma a makon nan ne ta fara tashi zaune tana shan kunu da hannunta, har tana yi mini tsiya wai kununa ruwan wanke ƙwarya ne. Duk gidan mun sa rai za ta tashi.

Kwana uku aka yi ana ruwa. Dawar ta yi baƙi, wata har ta tsira a kan zangarniya. Babanmu ya ce in je Rikoto wurin mai waya a ƙarƙashin lema, in sanar da yayana da ke aikin soja a Kudu. Layin yana ta yankewa, ni kuma ga baki da sauri. Na ɗaga murya na ce masa bana dai mun rasa kaka. Sai layi ya katse. Ni kakar amfanin gona nake nufi. Ko kusa ɗaya kakar ba ta zo mini a rai ba.

Bayan kwana biyu muka ji kuka tun daga bakin hanya. Gwaggonmu ce daga Danko da mata huɗu, hannuwa a ka, yayana a bayansu da jakarsa. Suka shigo suna kiran sunan tsohuwa, ita kuwa tana zaune a bakin ɗaki da kofin kunu. Kukan ya tsaya cak. Wata ta juya za ta gudu.

Da aka gane inda kuskuren yake, kowa ya yi dariya, har da hawaye. Kakata ba ta yi ba. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da kallo, sannan ta ce wa gwaggo, "Kin iya kuka, ɗiyata. Na ji da kunnena, ya yi."

Daga ranar ta ajiye kofin. Na roƙe ta, na yi fushi, na yi mata rantsuwa dawa nake nufi. Ta ce ta sani, amma mutane sun taso daga nesa, ba kyau a sa su wahala sau biyu. Yayana ya koma bakin aiki, hutunsa ya ƙare. Gari ya bushe, sanyi ya fara sauka, ita kuma tana ta ƙanƙancewa a kan tabarma. A rana ta tara ta cika.

Ni aka sake aikawa wurin mai waya. Wannan karon layin tas yake. Na faɗa wa yayana a hankali, kalma bayan kalma. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ke dai ba ki jin magana. Wace kakar kuma?"