Kyanwata Ta Tafi, Ƙumarta Ta Zauna

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, yarinya ce ni mai yawan shiru, na fi sabawa da littattafan waƙa fiye da mutane. Gidanmu yana Tudun Wada a Jos. A ƙuryar gidan akwai ɗakin marigayiya kakarmu, da kafet mai kauri bango zuwa bango saboda sanyin garinmu. Babu mai shigarsa sai ni. A nan nake karatu, a nan kuma na ɓoye wata 'yar farar kyanwa da na tsinta a bakin kwata, ruwan sama ya yi mata dukan tsiya. Umma ta sha cewa ba ta yarda da dabba a ɗaki ba. Ni kuwa gani nake Allah ne ya aiko mini abokiyar hira.

Wata biyu muna tare. Sai na lura tana yawan susa har tana cizon jikinta, kuma duk inda ta kwanta sai ta bar wani baƙin gari kamar dakakken masoro. Ran nan na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai ya narke ya koma ja. Nan na gane jini ne. Idon sawuna ma ya fara ƙuraje a jere masu ƙaiƙayi. Na san ƙuma ce. Maimakon in faɗa, sai na sa kyanwar a kwali na kai ta wajen mahauta na ajiye, na dawo ina kuka. Na share ɗakin sama-sama, na turara shi, na kulle. A tunanina, tunda mai ɗauke da su ta tafi, yunwa za ta gama da su.

Bayan sati biyar Yayata ta haifi ɗanta na fari, aka kawo ta gida wankan jego. Umma ta ce a buɗe ɗakin kaka, ya fi ɗumi. Da hannuna na miƙa makullin. Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta zo yi wa Yaya wanka, ta sa aka rufe tagogi, aka kawo kaskon garwashi, aka shimfiɗa katifa a ƙasa a kan kafet ɗin.

Bayan kwana biyu jaririn ya fara wani irin kuka mara yankewa, jajayen ƙuraje suka feso masa a ƙafafu da ciki. Gwaggo ta ce ƙurajen zafi ne, wai 'ya'yan zamani fatarsu kamar ta tumatir, ta shafa masa man kaɗanya. Da Yaya ta ce ita ma ƙafafunta na ƙaiƙayi, Gwaggo ta ce raki ne na 'yan boko, su sun yi jego tara ba su sosa ko'ina ba. Ina tsaye da kwanon kunun kanwa, na ga wani baƙin ɗigo a kan farin shawul ɗin yaron. Na kai yatsa, ya yi tsalle ya ɓace. Na ajiye kwanon na fita. Kwana huɗu na ƙara ban buɗe baki ba, kullum ina ce wa kaina gobe zai ji sauƙi.

A rana ta biyar jikinsa ya yi zafi, ƙurajen suka yi ruwa, ya ƙi nono. A asibiti likita ta duba shi ta tambaya ko akwai dabba a gidan. Umma ta fara rantsuwa cewa ko kaza ba mu kiwo. Kafin ta ƙarasa na tare ta, na faɗi komai a gaban kowa. Babu wanda ya yi mini tsawa. Yaya dai ta ɗago ta dube ni, ta mayar da idonta kan ɗanta.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da maganin dabbobi, ita ta fahimtar da mu. Ta ce ƙwayayen ƙuma suna zuba a kafet, su kwanta makonni suna jiran ɗumi da takun ƙafa, in sun fito ba su sami kyanwa ba, su hau mutum. Ta hana Gwaggo zuba maganin ƙwari na fiya-fiya, ta ce wannan sai ya riga ƙumar kashe yaro. Aka ƙone kafet ɗin, aka wanke kaya da tafasasshen ruwa, aka yi feshi sau biyu, sati biyu tsakani, ba kowa a ɗakin.

Yaron ya yi sati a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Da na nemi gafarar Yaya, ta ce kyanwar ba komai ba ce, tausayi ne ya sa ni. Kwana huɗun nan ne har yanzu take nema wa wuri a zuciyarta.

'Yan'uwa masu kiwon kyanwa ko kare, in dabba ta fara susa, a nema mata magani, a gyara ɗakin da take kwana tare da ita. Korar ta ba ya korar komai. Kuma wanda ya san abin da ke cin jikin wani, ya faɗa a ranar da ya sani. Ni kunyar faɗan Umma na guje wa, jariri ɗan kwanaki ya ɗauka a madadina.