Takobin da Ba a Miƙawa

Abin da na fara gani da muka doso Arlit duwatsu ne masu shafaffen kai, kamar an yanke su da wuƙa, babu ko ciyawa a jikinsu. Na taɓa Inna na nuna mata. Wani tsoho da ke zaune bayanmu a motar ya ce, "Ba duwatsun Allah ba ne, yarinya. Abin da aka tono ne aka zube." Daga nan muka shiga tasha.

Baba yana jiranmu a can. Shekara biyu rabona da shi, tun zuwansa na ƙarshe Damagaram, kafin a rufe ramin ma'adinin da yake aiki. Ya sunkuya ya ɗauki buhun kayanmu, ya ɗaga shi zuwa gwiwa, sai ya ajiye, ya tsaya gyara takalminsa. Takalmin ba abin da ya same shi. Inna tana can tana neman tabarmarmu a saman mota, ba ta gani ba.

A lokacin Baba ne ke riƙe da takobin kokawa na garuruwan ma'adinai. Ba shi ne babban takobin ƙasa da ake ji a rediyo ba. Wannan ma'aikata ne suka kafa shi tun zamanin da garin yake cike, na Arlit da na Akokan da na Anu Araren, duk shekara a haɗu a fili ɗaya. Yana rataye a ɗakin Baba, bisa ƙusa, saman tabarmar da yake wuni a kai.

Idan na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, nakan zauna bakin ƙofa da littafina, amma kuben takobin nake kallo. An ɗaure masa siraran fatu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wata rana bayan la'asar Baba ya kama ni ina kallo, ya ce in sauko da shi.

"Kowa ya ci takobin sai ya ɗaura tasa," ya ce. Ya taɓa ta sama, wadda ta yi baƙi don tsufa. "Wannan Ba'adare ne, mai fasa dutse. Shekara shida ba a kai gwiwarsa ƙasa ba. Ja ɗin nan mutumin Azbin ne, mai garka, siriri kamar sanda, amma in ya kama ka sai ka ce igiyar rijiya ce ta naɗe ka. Wannan na Anu Araren ne, ko ya yi wanka sai ya bar maka baƙin gawayi a kafaɗa."

Na ce, "Suna ina yanzu?"

Ya bi su da yatsa. "Wannan tari ya kashe shi. Wannan ma tari. Wannan ya koma garinsu, ban san labarinsa ba. Tari."

Akwai ɗaya da aka yanke, saura ƙullin kawai. Baba ya ce mai ita ya ji ƙarfinsa ya ƙare, sai ya shiga fili ya durƙusa da kansa tun ba a riƙe shi da kyau ba. A gaban jama'a alƙalin fili ya zaro wuƙa ya yanke fatar. Dokar takobin ke nan: ba a miƙa shi, sai an kayar da mai shi kaye na gaskiya. In kuwa mai shi ya mutu ba a kayar da shi ba, an gama, babu mai sake ɗaura fata.

Tun da aka rufe ramin ba a yi gasa ba. A shekarar da muka zo ne tsohon alƙalin fili ya shigo gidanmu, ya ce matasa sun kara a tsakaninsu, wani direban babbar mota mai bin hanyar Assamakka ya kayar da kowa. Saura Baba. Ranar juma'a, bayan la'asar.

"Likita ya hana shi ɗaukar ko bokiti," Inna ta ce daga bayan labule.

"Likita bai hana ni faɗuwa ba," in ji Baba. Alƙalin ya yi dariya, Baba ma ya fara, sai tarin ya karɓe.

"Kar ki damu," alƙalin ya ce wa labulen. "Yaron yana da tarbiyya. Zai ba shi girmansa."

Na san abin da ake nufi da girman, don Baba ya taɓa gaya mini. Ba a kayar da tsohon gwani a kamun farko. Sai a zagaya da shi, a riƙe, a saki, a sake riƙewa, har makaɗa su gama kirarinsa tun daga kayensa na farko. Kirarin Baba kuwa dogo ne.

Ni kaɗai na san tsawon numfashinsa. Kullum da safe yakan faki idon Inna ya je bayan ɗaki, ya rungumi durom ɗin ruwa kamar abokin karo, yana turawa. Ina wanke kwanuka ina ƙirgawa a zuciyata. Bai taɓa wuce talatin ba. Daga nan sai tarin ya ninke shi, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya tofa, ya rufe da yashi. Na tone wurin sau ɗaya. Ban sake ba.

A fili, dafa ƙasa da hannu biyu kaye ne. In tari ne ya kai shi ƙasa, ba direban ba, alƙali zai zaro wuƙa.

Ban iya gaya wa Inna ba, don za ta hana shi fita, shi kuma ba zai yafe mini ba. Ranar alhamis da aka tashe mu da rana, ban nufi gida ba. Na bi ta bayan kasuwa zuwa filin da manyan motoci ke tsayawa. Ban taɓa yi wa namijin da ba na gidanmu ba magana da kaina ba. Sau biyu na wuce wurin kafin na tsaya.

An nuna mini direban a inuwar motarsa, yana cin shinkafa a kwano ɗaya da wasu mutum biyu. Wuyansa ya kai kaurin cinyar Baba ta yanzu. Na durƙusa na gaishe su.

"Ƴar wa ce?" ya tambaya.

Ɗaya daga cikinsu ya dube ni. "Ƴar mai takobi ce. An aiko ta da asiri, rufe kwanon."

Suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya taso, muka koma gefen taya.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Babanki ne ya fara koya mini tsayuwa a fili. Wallahi sai makaɗa sun gaji don kansu kafin in taɓa ƙafarsa."

Na sunkuyar da kai.

"Yaya," na ce, "don Allah kar ka ba shi girma. Kar ka jira makaɗa. Da ka riƙe shi, ka kayar da shi da ƙarfinka duka, yadda kowa zai ga kai ne ka kayar da shi."