Madam Zenaba, Mai Sauraron Yaran da Suka Yi Shiru

Kafin zafin Garwa ya kankama, Madam Zenaba ta riga ta jingine babur ɗinta a gindin dalbejiyar bayan asibiti, ta buɗe ɗan ɗakin da aka ba ta kusa da wurin wanki. Tabarma take fara shimfiɗawa, ta juye wani tsohon kwando a kai: ludayi, ƙoƙo, murfin tukunya, takalmin roba na yara. Sai ta cire farar rigar aiki ta rataye a ƙusa, domin a cewarta yaro idan ya ga farar riga allura kawai yake tunawa.

Aikinta taimaka wa yaran da bakinsu ya yi jinkirin buɗewa. A Yawunde ta karanci abin, ta dawo gida tun da ƙuruciyarta, ga shi yau furfura ta leƙo ta gefen kallabi. Ƙarshen shekarar nan za ta ajiye aiki, kuma babu wanda aka shirya ya gaje ta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Mu a nan, Hausawanmu da Fulaninmu, yaro mai shiru abin yabo ne. Idan baƙo ya shigo yaro ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, sai a ce ga ɗan gidan tarbiyya. Haka aka yi ta yabon Sadiƙa, 'yar maƙwabcina Taufiƙ mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ta wuce shekara uku, abin da take so nuni take yi da hannu. Uwarta ta damu, amma kakarta Hajiya Iyatu ta rufe zancen.

"Kunya ce da ita, jinin gidanmu ne. So kuke ta zama aku?"

Da ƙyar aka shawo kan Hajiya ta yarda iyayen su kai yarinyar wajen Madam Zenaba, kuma da sharaɗin ita za ta raka su. Ni na kai su a mota, don haka a idona aka yi. Madam Zenaba ba ta tambayi yarinyar komai ba, ko kallon kirki ba ta yi mata ba. Ta zauna ta ba ta baya, ta shiga hira da Hajiya kan tsadar manja, Hausa tana gauraya da Fulatanci, har na fara tunanin mun yi zuwan banza. Ashe kunnenta na can wajen tabarma. Can ta miƙa hannu a hankali ta bayan Sadiƙa, ta buga ludayi a murfin tukunya. Duk muka zabura. Yarinyar ko gezau.

"Hajiya, kunyar tana nan, ban musa miki ba," in ji Madam Zenaba. "Amma mai kunya takan waiga."

Hajiya Iyatu ta riƙe haɓa, ta ce, "Innalillahi! Ashe ba ta jin mu ne, muna ta sa mata albarka?"

Ruwa ne ya taru a kunnuwan yarinyar. Madam Zenaba ta tura su wajen likitan kunne, ta bi su da ƙafarta, daga baya ta yi watanni tana zama da ita a tabarmar nan. Yau Sadiƙa tana makaranta, kuma ubanta na kukan ba ta barin kowa ya huta da surutu.

To, ga abin da ke ƙona min rai. Kayan gwajin da hukuma ta yarda da su katuna ne da aka buga a Turai, da Faransanci, masu hoton dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ɗan garin Mayo-Oulo da ya tashi da Fulatanci da Hausa, a nuna masa wannan a ce ya faɗi sunan abin da ke hoton? Lafiyayye sai ya fito a mai matsala, mai matsala kuma a ce rashin Faransanci ne. Madam Zenaba ta daɗe tana neman tallafin bincike don a gano yadda yaranmu ke fara magana a harsunanmu, a haɗa gwajin da ya dace da su, a horar da matasa su iya aikin. Wani kwamitin rabon tallafi ya ce ta kawo alƙaluman da ke nuna matsalar tana da yawa. Ta ce alƙaluman ai su ne binciken zai samo. Suka ce to ta dawo idan ta samu. Wani a cikinsu ma ya ƙara da cewa rashin magana ba ya kisa.

Ba ya kisa! Ya je ya faɗa wa uwar da ɗanta ke kuka, ba ta san ko ciki ne ko kai ba. Ya faɗa wa yaron da malami ke zane shi kullum a kan taurin kai, alhali bai ji abin da aka ce ba. A shekarar da suka hana ta, an yi taron wayar da kai kan ci gaban yara a wani otal mai sanyi, aka ci kaji, aka raba riguna masu rubutu. Ko gayyatar ta ba a yi ba.

Madam, ke ce kunnen Garwa. Ke ce kika zauna a ƙasa lokacin da kowa ke neman kujera. Ke ce kike gaya wa uwa cewa ba laifinta ba ne, ba kuma don ta yi wa ɗanta harshe biyu ba ne. Mun gode, Allah ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma 'yan matanmu da samarinmu masu karatun jinya, ɗakin yana buɗe har ƙarshen shekara, ku je ku zauna kusa da ita. Masu riƙe da kuɗin bincike, in kuna da sauran kunya, ku kashe kuɗin a nan.

Ranar Laraba na biya ta wajenta don in ce mata zan yi wannan rubutu. Na tarar tana sallamar wata mata da ta yi sammako daga Mokolo da goyo a baya. Na yi sallama daga bakin ƙofa, ba ta amsa ba. Na sake, shiru. Sai da inuwata ta faɗa kan tabarma ta ɗago.

"Yi haƙuri, Malam," ta ce tana murmushi. "Kunnen hagun ya yi nauyi, na daman ma ya fara bin sa. Ba gajiya ce za ta sa in tafi ba. Yaro zai yi kalmarsa ta farko a gabana, a hankali, ni kuma in ce wa uwarsa bai ce komai ba. Wannan nake tsoro."