Uwar Ɓarayin Karu da Kofin Kunu

Damina ta yi nisa a shekarar da ƙyanda ta kwantar da 'yata ta fari. Muna zaune a Karu, tun Mararaba tana 'yan rumfunan kara a bakin hanyar Keffi. Maigidana yana bin mota, ruwa ya cinye gada ya tare shi a can ƙetare, rafin da ke tsakaninmu da ɗakin shan magani kuma ya cika ya batse. Daga ni sai surukata, wadda nake kira Inna.

Ƙurajen sun bushe, amma bakin yarinyar ya salaɓe. Ko ruwa aka kai mata sai ta kau da kai. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta leƙo ta gan ta, ta ajiye ƙwarya ta fita ba ko sallama. Na san abin da ta gani. Idan yarinyar nan ba ta haɗiyi wani abu ba, ba za ta kai maigidan ya dawo ba.

Ga shi 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na lallashinta a gaban Inna. Inna ce ke riƙe kofin kunu, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafar da ba mai ci, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Wani hantsi, na juya fuskata ga bango na fara magana kamar da kaina nake. Na ce akwai wata Karu, ba wannan ba. A can, da Turawa suka iso bakin rafi, ɓarayi suka kwashe musu takalma da dawakai, suka koma gida a ƙasa ba su sake dawowa ba. Saboda haka babu haraji, babu ɗan doka, kasuwa tana hannun ɓarayi, shugabarsu kuma mace ce mai ɗingishi.

"Tatsuniya da rana?" in ji Inna. "So kike ki ɓata a hanyar kasuwa? Kuma duk ki rasa labari sai na ɓarayi, ke da kika yi makarantar 'yan mata?"

Kafin in amsa, wata 'yar murya ta fito daga tabarma.

"Me matar take ci?"

Rabon da mu ji muryarta har mun fara mantawa. Na ce kunun tsamiya, mai ɗumi, kuma ba ta fara shari'ar ɓarayi sai ta kurɓa. Inna ta miƙa kofi. Yarinya ta kurɓa, ta yamutsa fuska don zafin baki, ta haɗiye.

Daga ranar na zama magina. Kullum sai na ƙara wa garin unguwa. Ɓarayin shanu suna zaune ta wajen Orozo, masu yankan aljihu a bayan rumfar mahauta. Suna da dokoki: ba a satar irin shuka, ba a taɓa kayan mai jego. Kayan sata a kafaɗa suke ɗauka yadda maƙwabtanmu Gwarawa ke ɗaukar itace, don a ce daga gona suke. Ita kuwa mai jinya ba ta yarda da gini marar ƙofa. Wa ke yi wa uwar ɓarayi kitso? Tana salla? Me ya sami ƙafarta? Kowace amsa da kurɓi ɗaya nake sayar da ita.

Tambayar salla ce ta tsaya mini a wuya. Na yi alwala ina tunanin abin da nake zuba wa yarinyar da ƙila ta kusa komawa ga Ubangijinta: ɓarauniya mai daraja, wadda kowa ke rusuna mata. Na ga ya kamata labari ya ƙare inda gaskiya take. Washegari na sa mutanen gari suka kama matar, suka ɗaure ta a gindin tsamiyar kasuwa, ba ci ba sha, sai ta mutu.

Yarinya ta dube ni, ta juya wa kofi baya.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Leɓɓanta suka sake bushewa, idanunta suka faɗa. Na manta da kunyar 'yar fari, na durƙusa na kama ƙafafunta ina roƙo.

"Ita ma ba a ba ta ba," ta ce da kyar.

Na ce an sake ta. Ta girgiza kai. Ta san ƙarya nake, don a garin da na gina ba a sakin kowa haka kawai, ni na kafa dokar da bakina.

Inna ta ja tsaki, ta gyara zama.

"Wace irin shari'a ce wannan? An ɗaure mace ba a tambaye ta abin da ya kai ta ba? Ƙawata, bari in gaya miki, uwarki ba ta san matar nan ba, ni na san ta." Ta ce a shekarar da fara ta cinye gonaki ne, lokacin da dawa ta ƙare har ana tonon gidan tururuwa a nemi tsaba. Matar tana da 'ya kwance. Ta hau rumbun wani mai hali don ta ɗebo cikin tafi, ta faɗo, ƙafa ta karye. "To da mutanen kasuwa suka ji haka, wa zai iya ci gaba da riƙe igiya?"

"'Yar ta warke?" in ji yarinyar.

"Yo da me kike tsammani? Ta sha abin da aka sato mata."

Na ruga madafa na ɗumama kunun, don sauri har ya zuba a zanina. Da na dawo, Inna ba ta karɓi kofin ba. Ta kau da kai wajen ƙofa, wai tana duba hadari. Na tallafo kan 'yata a cinyata, na kai mata baki.

"A fara ba ta," in ji ta.

Na miƙa kofin ga iska, wajen da tsamiyar take, na jira matar ta sha. Sannan 'yata ta buɗe baki.